Shin Daidai Ne Yaro Ya Ajiye Harshensa a Ƙofar Makaranta?

A ƙaddara wata makarantar firamare ce a ƙasar Bauchi, ran da aka ɗebi sababbin yara. Ga su nan zaune su sittin, kowa ya ƙura wa malam ido. Rabinsu da Hausa suka tashi. Goma 'ya'yan Filani ne, da Fillanci ake yi musu magana a ruga. Akwai Jarawa, akwai Sayawa, akwai kuma 'ya'yan baƙi biyu ko uku waɗanda iyayensu suka zo ciniki daga Kudu. Malam ya miƙe ya buɗe baki da Turanci, gama da shi aka umurce shi ya koyar. Ya faɗa, suka maimaita. Ya sake faɗa, suka sake maimaitawa da ƙarfi, har mai wucewa ta bayan taga ya ce lalle karatu ya kankama. Alhali kuwa da za a ja ɗayansu gefe a tambaye shi ma'anar abin da yake ta rerawa, sai ya sunkuyar da kai.

Yaran nan kuwa babu wanda ya zo hannu wofi. Ɗan shekara shida ya riga ya iya magana sarai. Ya san sunan kome na gidansu, ya iya ƙirga awaki, ya iya tatsuniya da kacici-kacici, ya iya kai saƙo ya komo da amsa, ya iya gardama har ya kafa hujja. Duk wannan ilmi ne, a cikin harshen gidansu kuwa yake ƙunshe, kamar yadda ake ƙunshe guzuri cikin burgami. To, shin malami yana da ikon cewa yaro ya ajiye wannan guzuri a bakin ƙofa, kamar yadda ake tuɓe takalmi? In ba shi da iko, ƙaƙa zai yi da aji mai harshe biyar, shi kuwa biyu kaɗai yake ji? In kuma abin ya ɓaci, a wuyan wa alhaki yake, malamin ko waɗanda suka hore shi suka aiko shi?

Yadda magabata suka yi

Wannan magana ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, gama tun kafin zuwan Turawa ake koyar da baƙon harshe, watau Larabci. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malamin ilmi ya ga yadda ake yi. Almajiri ya buɗe Ahalari, ko Ishmawi, ko Risala, ya karanta kalma biyu ko uku da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa. Ya ƙara jan baƙi, malam ya ƙara fassarawa, har a kai inda za a tsaya. Ba a taɓa jin malamin zaure ya ce Hausa za ta ɓata wa almajirinsa Larabci ba. Ta wannan hanya kuwa aka sami malaman da suka wallafa manyan littattafai da Larabci tsantsa. A Barno ma haka abin yake, har suna da wani tsohon harshe na malamai, dangin Barbarci, wanda ake kira Tarjumo, da shi ake fassara Alƙur'ani kalma kalma.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littattafai masu yawa da Larabci, amma in ya fita wa'azi da Hausa da Fillanci yake yi wa jama'a magana, ya kuma tsara waƙoƙi da Fillanci domin waɗanda ba su kai ga littafi ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma naɗa jajoji masu kai karatu ga matan ƙauyuka da harshen da suke ji. Ba da ka suka yi haka ba. Suratu Ibrahim ta nuna Manzanni da yaren jama'arsu suka yi kira, Suratur Rum kuwa ta sa bambancin harsunan mutane cikin alamun ikon Ubangiji. Abin da Mahalicci ya lissafa cikin ayoyinsa bai kamata malamin makaranta ya lissafa shi cikin laifuffuka ba.

Ko boko ma da harshen ƙasa ya shigo. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka soma karatu, aka kuwa daɗe ana yin elemantare da ita, Turanci sai an yi gaba. Da aka ɗaura yaƙi da jahilci a shekarun 1950, hukumar talifi ta Jihar Arewa, wadda ake kira NORLA, ba ta tsaya ga Hausa kaɗai ba. An buga littattafan koyon karatu da ƙananan jaridu a Zariya da Fillanci, da Barbarci, da Nufanci, da harshen Tibi, da waɗansu. Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci shaida ne a wannan shari'a. Magidanci mai furfura, wanda bai taɓa riƙe fensir ba, cikin 'yan watanni sai ga shi yana karanta wasiƙa da kansa, ba ya bukatar wani ya ji asirinsa. Abu guda aka ɗora masa, watau sanin haruffa, maganar kuwa tasa ce tun asali. Da a ce an haɗa masa haruffa da baƙon harshe a rana ɗaya, da da yawa sun gudu tun ba a yi nisa ba. To, kayan da aka ga ya fi ƙarfin babba, shi ake ɗora wa ɗan shekara shida.

Amma akwai wata al'ada kuma da ta shigo tare da boko, wadda ba ta da kyaun tunawa. A makarantu da yawa in aka ji yaro ya yi harshen gidansu sai a ci shi tara, ko a ba shi gwale-gwale, ko bulala, har yanzu ma ba a rasa masu yin haka. A ƙasashen da Faransa ta mallaka akwai wani abu da ake rataya wa yaro a wuya, ƙashi ko guntun katako, in an kama shi yana harshensu. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani ya miƙa masa, wanda aka tashi abin yana wuyansa kuwa shi ke shan hukunci. Masu yin haka nufinsu yaro ya iya harshen makaranta da sauri. Amma sun koya masa darasi biyu da ba su cikin manhaja. Na fari, ya riƙa kasa kunne ga ɗan'uwansa domin ya kai ƙararsa. Na biyu, ya ɗauka maganar da ya sha tare da nono abin kunya ce. Yaron da aka koya wa jin kunyar maganar tsohuwarsa kuwa, ba da daɗewa ba zai ji kunyar tsohuwar kanta.

Abin da gwaji ya nuna

Gani ya kori ji. A 1953 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da rahoton masana wanda ya ce harshen uwa shi ya fi dacewa a soma koyar da yaro da shi. A Nijeriya an gwada abin a aikace. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka ɗebi yara a wata makarantar firamare, suka koyar da su kome da Yarabanci har shekara shida, lissafi da kimiyya da sauransu, Turanci kuwa aka ba shi lokacinsa a kan darasi ne mai zaman kansa. Da aka gwada su da takwarorinsu waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci tun a tsakiyar firamare, sai aka tarar ba su kasa ba ko a Turancin kansa, a waɗansu fannoni ma sun fi su. A Nijar kuma, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake somawa da Hausa kafin a shiga Faransanci, daga baya aka yi irinta da Zabarmanci, da Fillanci, da Barbarci, da harshen Buzaye.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya gane baƙi yana tsayawa a madadin sauti, ana haɗa su su ba da kalma, kalmomi su ba da zance, ya gane ke nan har abada, in ya je ga wani harshe sai ya tafi da wannan sani. Haka wanda ya gane ma'anar rabawa a lissafi da harshensa, ba sai an sake koya masa rabawa da Turanci ba, sunanta kaɗai zai koya. Manomin da ke son mangwaro ɗan aure ba ya tumɓuke na gida ya yar. A jikinsa yake ɗaura sabon reshe, gama saiwar na gida ita ta san ƙasar.

Amma a lura da abu guda game da aikin Ife, domin a nan maganar take. Ba umurni kawai aka bayar aka koma ofis aka zauna ba. An zauna an rubuta littattafai, an ƙirƙiro kalmomin lissafi da na kimiyya da Yarabanci, an tara malaman an hore su, an kuma sa gwani ya riƙe darasin Turanci. Wanda ya ɗauki sakamakon Ife ya manta da wahalar da aka sha kafin a same shi, ya yi kamar mai son girbi ba noma.

Hujjar masu ƙi

Ba adalci ba ne a yanke hukunci ba a ji ɗaya ɓangaren ba, masu ƙin wannan hanya kuwa ba wawaye ba ne. Uba talaka zai ce: “Hausa ai a gida ya iya ta, ba don ita na kai shi makaranta ba. Da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, da shi ake shari'a a manyan kotuna. Su masu cewa a koyar da ɗana da harshen gida, ina nasu 'ya'yan suke? Suna makarantun kuɗi, inda ba a jin kome sai Turanci tun daga ajin rainon yara.” Wannan magana tana da nauyi, wanda ya raina ta kuwa bai san zafin talauci ba. Duk tsarin da zai tsare ɗan talaka cikin harshen gida, ya bar Turanci ga ɗan mai hali, zalunci ne ko da an yi masa ado da sunan kishin al'ada.

Amsar ita ce, da uban da mai son harshen gida wuri ɗaya suka nufa, a kan hanya suka saɓa. Yaro yana da haƙƙi biyu a kan makaranta: ya fahimci abin da ake koya masa, ya kuma fita da Turanci mai kyau. Ba a biyan ɗaya da ɗaya. Uban yana zaton yawan jin Turanci shi ke kawo iya shi, amma maganar da ba a fahimta ba, ko an wuni ana jinta, daidai take da ƙarar injin niƙa. Ga shaida nan a fili, yara nawa ne suka yi shekara shida ana yi musu Turanci, suka fito ba su iya rubuta wasiƙa da shi ba, ba su kuma iya rubuta ta da harshensu ba?

Waɗansu kuma suna cewa Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, yawancinsu ba su da littafi ko ɗaya na makaranta, in aka ce kowa a bi nasa sai aji ya rabu ƙabila ƙabila. Wannan ma abin dubawa ne, za a kuwa komo kansa. Ita gwamnati ta sha juyawa a kan maganar. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a soma firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin, sa'an nan a koma Turanci. A ƙarshen 2022 aka amince da sabuwar manufa mai cewa a yi shekara shida ɗin duka da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilmi ya ba da sanarwar soke ta, ya ce a koma Turanci, ya kafa hujja da yawan faɗuwa a manyan jarrabawa. Mai hankali zai lura yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, balle ya zauna jarrabawar ƙarshen sakandare. Zai kuma lura da abin da ya fi wannan, watau duk juyin nan a kan takarda aka yi shi, malamin da ke tsaye gaban yara sittin ba a canja masa horo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko wace doka aka kafa, a hannun malami za ta rayu ko ta mutu.

Laifi tudu ne

Akwai wata magana da ta wajaba a faɗa wa Bahaushe musamman, ko da ba za ta yi daɗi ba. In aka ce harshen gida, Bahaushe yakan ɗauka Hausa ake nufi, gama ita ce harshen kasuwa da na tasha a yawancin Arewa. Amma a koma ajin nan na ƙasar Bauchi. In malam ya bar Turanci ya juya Hausa, yara talatin sun sami haske. Ɗan Filanin da ya fito daga ruga jiya fa, da 'yar Sayawan da ba a yin Hausa a ɗakin uwarta? A wurinsu an fid da su daga wani duhu ne an sa su cikin wani, sai dai na biyun ya fi sauƙin yayewa domin suna jin Hausa a wajen wasa.

Harshen Hausa kansa ya ajiye shaidar yadda masu shi suka daɗe suna duban maƙwabtansu. Wanda bai iya Hausa ba ana ce masa baubawa. Maganar da ba ta fita daidai ba ana ce mata gwaranci, da sunan wata al'umma sukutum, alhali Bagware a cikin harshensa fasihi ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bahaushen da ya ji zafi an ci ɗansa tara domin ya yi Hausa a makaranta, in ya yi dariya sa'ad da ɗan wata ƙabila ya karya Hausa, to, da mudu biyu yake awo. Da yawa daga ƙananan harsunan ƙasar Bauchi da Filato da kudancin Zazzau suna ja da baya, yara suna tashi da Hausa kaɗai, kakanni suna mutuwa da tatsuniyoyinsu da sunayen itatuwan maganinsu. Hausa ba ta yi haka da mugun nufi ba, amma babban icce yakan hana na ƙarƙashinsa rana ko bai nufa ba. Saboda haka ma'aunin adalci guda ne: abin da mutum yake nema wa ɗansa a wurin Turanci, shi zai ba ɗan maƙwabcinsa a wurin Hausa.

Abin da ya kamata a koya wa malami

To, ƙaƙa malami ɗaya zai yi da harshe biyar? Ba a ce ya iya su duka ba, Allah ma ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ake bukata ya iya aiki da abin da yaran suka zo da shi, wannan kuwa sana'a ce da ake koyo, kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗinki. Ga abin da ya kamata makarantun horon malamai su sa a gaba.

Da fari, malami ya san ajinsa. A makon farko ya rubuta sunan kowane yaro da harshen da ake yi a gidansu, da wanda yake ji ban da shi. Sa'an nan ya koyi gaisuwa da 'yan kalmomi ashirin ko talatin na kowane harshe, irin su zo, zauna, duba, ka gane, madalla. Yaran da kansu za su koya masa, ran da yaro ya ga malam yana koyo a wurinsa kuwa, ran nan zai san abin da ya zo da shi yana da daraja.

Na biyu, ya iya zaunar da yara. A kowane aji ana samun masu jin harshe biyu ko uku. In aka ajiye irin wannan kusa da wanda bai ji ba tukuna, aka ba su izini su yi shawara da harshensu kafin su ba da amsa da harshen darasi, malam ya sami mataimaka ba da ko kwabo ba. Wani lokaci kuma ya gauraya su, kowa ya faɗi sunan abu guda da harshensa a rubuta a allo, ruwa ko wuta ko saniya, har kowa ya san na ɗan'uwansa. A nan amsar masu tsoron rarrabuwa take. Abin da ke raba yara shi ne a ɗaukaka harshen wani a kunyata na wani, in an ba kowa wurinsa a allo ɗaya sai su zama abokan wasa.

Na uku, ya iya rubuta harshen da yake ji. Malamai da yawa suna magana da Hausa tun suna goye, amma ba su san inda ake sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ ba, ba su san inda ake raba kalma ba. Wanda bai bambanta baki da baƙi a rubuce ba, ƙaƙa zai koya wa yaro karatu da Hausa?

Na huɗu, ya san inda harsuna suka saɓa, domin ya gane tushen kuskure. Ɗan Hausa yana haɗa harafin p da f, gama a harshensa ɗaya suke, shi ya sa aka sami fasinja da famfo da fensir. Yana kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, kamar yadda aka yi a burodi da buroshi. Bafillace da Babarbare da Bayarabe sukan ce “mace ya zo”, gama harsunansu ba su raba namiji da mace a wannan wuri ba, haka kuma za su yi a Turanci. Babarbare yakan kai fi'ili ƙarshen zance domin can yake zama a harshensa. Malamin da ya san wannan ba zai ce yaro daƙiƙi ne ba. Zai ce masa, “A harshenku haka ake yi, daidai ne, a wannan kuwa ga yadda ake yi.” Har a lissafi akwai riba. Fillanci yana gina shida a kan biyar da ɗaya, bakwai a kan biyar da biyu, watau ɗan Filani da tarawa a bakinsa ya zo. Ɗan Hausa mai cewa ashirin ba biyu yana nufin goma sha takwas, ya riga ya san ɗebewa tun ba a gaya masa sunanta ba.

Na biyar, shi ne mafi wuya, ya san gwargwado. In malam ya saba fassara kowace jimla da zarar ya faɗe ta, yara za su daina sauraron Turancin, su jira fassara. Harshen gida yana da wurarensa: a buɗe sabon darasi da shi, a warware abin da ya ɗaure da shi, a kuma bincika da shi ko an gane. Sa'an nan a yi aikin da harshen da ake koyo, ana ƙara masa fili shekara bisa shekara. Gishiri ne ke gyara miya, shi ne kuma ke ɓata ta, bambancin yana hannun mai dahuwa.

Na shida, ya iya rarrabe rashin sani da rashin harshe. In yaro ya kasa amsa tambayar lissafi da Turanci, a sake yi masa ita da harshensa. In ya amsa, lissafinsa lafiya lau, Turanci ne za a yi wa magani. Yara da yawa an yanke musu hukuncin daƙiƙanci, har iyayensu suka fid da su daga makaranta, alhali tambayar ce ba su ji ba.

Duk wannan ba ya samuwa da lacca kaɗai. Sai an kai ɗalibin malanta aji mai harsuna da yawa lokacin gwajin koyarwa, gwani yana zaune a baya yana dubansa, in an tashi ya gyara masa. Waɗanda suka riga suka kama aiki kuma a riƙa kiransu kos lokacin hutu. Akwai kwalejojin ilmi a ko'ina, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 domin irin wannan aiki. Masu rarraba malamai su ma su duba, kada a ɗauki mai jin Fillanci a kai shi inda ba Bafillace, a bar makarantar da ke kusa da ruga ba mai jinsa.

A wuyan wa alhaki yake

Gaskiyar da kowa ya sani ita ce, malaman ƙasar nan ba su taɓa daina juyawa zuwa harshen yara ba in sun ga an kakare. Tausayi ne ke sa su, da hankalin da Allah ya ba su. Amma a ɓoye suke yi kamar masu sata, in sufeto ya shigo su koma Turanci, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda za su yi shi da tsari. Saboda haka wani ya yi ya wuce kima, yaransa su fita ba Turanci, wani ya ƙi yi sam, yaransa su fita ba fahimta, wani kuma ya yi da harshen masu rinjaye kaɗai, ya manta da 'yan tsirarun da ke zaune a baya. Malamin da aka aika irin wannan aji ba a hore shi ba, kamar wanda aka tura gona ne ba fartanya. In gona ta yi sabra, a fara tambayar wanda ya aike shi.

Amma wannan bai wanke malamin sarai ba. Koyon gaisuwar yaro da harshensa ba ya jiran izinin minista, hana sauran yara yi masa dariya kuma ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Iyaye su ma suna da nasu rabo. Wanda ya koyi karatu da girmansa yana iya zaunar da ɗansa da dare ya ce ya gaya masa da harshen gida abin da aka koya musu yau. In yaron ya iya faɗa, ya gane. In ya kasa, haddar aku ya yi, sai uban ya je ya gana da malam cikin ladabi. Kada kuma uwa ta daina yi wa ɗanta magana da harshenta domin tsoron ɓata masa boko, gama abin da take zuba masa shi ne tushen da malam zai yi gini a kai.

Yaro amana ne a hannun malami, amana kuwa ana mayar da ita ga mai ita ba tare da an rage kome ba. Iyayen yaran nan sittin sun miƙa su kowa da harshensa. In bayan shekara shida aka mayar musu da su suna karatu da rubutu, sun sami Turanci, suna kuma iya zama gaban kakanninsu su yi hira ba tare da jin kunya ba, an riƙe amana. In kuwa aka karɓe na hannunsu, wanda aka yi musu alkawari kuma bai samu ba, lalle akwai tambaya gobe, za ta kuwa bi kowa gwargwadon ikon da aka ba shi, daga mai riƙe da alli har mai sa hannu a takarda. Allah ya ba malamai haƙuri da basira, ya ba shugabanni ikon duba wannan al'amari da idon adalci, amin.